SALULA BA TA SHIGA ƊAKIN JARRABAWA

Kowane uba da ke da ɗa a lise a gundumar Tasawa ko ta Mayahi ya san daren da yaro yake zaune da littafi, lissafi ya gagare shi, kuma babu mai warware masa a cikin gida. Uban da ya yi karatun yaƙi da jahilci ya iya tarawa da ɗebewa, amma abin da ake koyarwa a ajin ƙarshe na lise wani sashe ne dabam, wanda Niyuton na Ingila da Laibniz na Jamus suka tsara a ƙarni na 17.

Wannan lissafi rassa biyu gare shi. Na farko, wanda ɗalibai ke kira deribe, yana auna saurin da abu ke sakewa, kamar yadda kuɗin tiyar hatsi ke hawa daga kaka zuwa bazara. Na biyu, antegiral, yana tara ƙananan yanki har su zama jimla, kamar mai son sanin yawan ruwan da tafki ya ɗauka alhali gefensa ba miƙaƙƙe ba ne. Da shi ake aikin gadoji, da madatsun ruwa, da wutar lantarki.

A yau ɗalibai da yawa salula suke nufa. A intanet akwai darussan Khan Academy da aka juya cikin Faransanci, kyauta, akwai kuma GeoGebra mai zana wa ɗalibi siffar lissafinsa ya gani da ido. Wannan alheri ne, bai kamata iyaye su hana ba. Amma akwai waɗansu na'urorin da yaro zai ɗauki hoton tambaya kawai su ba shi amsa, ya kwafe, ya kai wa mushe. Ra'ayinmu shi ne wannan hanya cuta ce, domin aikin gida an ba da shi ne don a gwada, a kuskure, a gyara. Ranar BAC salula ba ta shiga ɗakin jarrabawa, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Sai kuma batun adalci. Ɗan ma'aikaci a cikin gari yana da waya da wuta, amma yaron da ya baro Korgom, ko Urafan, ko Kanan Bakashe yana zaune gidan wani, sau da yawa ko kuɗin cajin waya ba ya da su. In aka bar abin haka, intanet zai ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kawai.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga koyarwa da na'ura: tun 1964 aka soma karantar da yara ta talabijin a Nijar. Kuma a Tasawa aka haifi Abdu Mumuni Jofo a 1929, masanin makamashin rana wanda ya shugabanci ma'aikatar ONERSOL, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu. Ranar da ya ƙare rayuwarsa yana nazari ita ce ke dukan rufin makarantunmu kullum.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da hukumomin gari da su tanadi ɗakin nazari guda a kowace lise, da faifan hasken rana, da ƴan kwamfutoci waɗanda aka riga aka zuba wa darussa, yadda ko layi ya yanke za a yi karatu. Ɗaliban kimiyya na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su riƙa taimakon ƙannensu lokacin hutu, suna yi musu bayani da Hausa. Malamai kuma su riƙa tsai da ɗalibi gaban allo ya faɗi yadda ya kai ga amsarsa.

Ku kuma iyaye, ko ba ku san deribe ba, ku sa yaro ya ajiye wayar ya sake aikin a gabanku da alƙalami. In ya iya, ya koya. In ya kasa, gobe ya koma wurin malaminsa. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, amin.