A GINA GIDAJE A TUDU, A BAR WA TALAKA FADAMARSA

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Kurmi, ko yana Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, ko Shagamu, ko Anaca da Fatakwal, bayan ci da sutura babban burinsa shi ne ya tara abin da zai kafa gida na kansa a garinsu. Wannan buri hankali ne, domin wanda ya ga yadda aka ƙone rumfuna da gidaje a kasuwar Shasha ta Badun cikin watan Fabrairu na 2021 ya san zaman baƙunci ba shi da tabbas. To amma akwai waɗansu mutane da suka mai da wannan buri saniyar tatsa, watau dillalan filaye da masu ɗaure musu gindi, waɗanda ke yanka kwari da fadama a gefen gari su kira shi fuloti, su sayar wa mutumin da ke nesa, wanda bai taɓa ganin wurin da damina ba. Babu kuwa inda wannan ciniki ya fi haɗari kamar ƙasar da ta tashi daga Nguru ta ratsa Karasuwa ta dangana da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe.

Babu mai musun cewa ana bukatar gidaje a wannan yanki. Nguru ta zama babbar kasuwa tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa can daga Kano a 1930. Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, tana ƙara faɗi. Gashuwa ta sami Jami'ar Tarayya a 2013, ga malamai da ɗalibai da ma'aikata kowa na neman wurin sa haƙarƙari, ga kuma bayin Allah da fitinar Boko Haram ta koro daga garuruwansu. Gwamnatin Jihar Yobe ma ta ga wannan bukata, shi ya sa a 2019 ta ba da sanarwar shirin gina gidaje 3,600 a faɗin jihar. Saboda haka gini dole ne. Gardamar da ta rage ita ce a ina za a yi shi, kuma wa zai yi hasara in an yi shi a inda bai dace ba.

Wannan fadama da dillali ke kallo kamar filin banza ita ce rumbun yankin gaba ɗaya. A nan ne ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kowace damina kafin ya tattaru kusa da Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. In ruwa ya zo a shuka shinkafa a kama kifi. In ya janye a yi noman rani, tattasai da albasa da tumatir da alkama, a kuma shigo da shanu su ci ɗanyar ciyawa lokacin da jigawa ta bushe ƙurmus. Mata su yanki kaba su saƙa tabarma da igiya. Ruwan da ke kwanciya wata da watanni shi ne ke nitsewa ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa. Eka guda ta wannan ƙasa tana ciyar da manomi da masunci da makiyayi cikin shekara ɗaya, kowa da lokacinsa. Bandar kifin da ɗan ci-rani ke kasawa a Ikko, da tattasan da ake saukewa a kasuwar Mile 12, da shanun da ake kaiwa mayankar Agege, da yawansu daga irin wannan fadama suka fito. Wanda ya sayi fuloti a cikinta, ashe tushen sana'arsa ya sa wa gatari da kuɗinsa.

Ban da wannan kuma akwai yaudarar ruwa, wadda ita ce babban makamin dillali. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka biyo da ta Challawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa a kai ya ragu da fiye da rabi. Wuraren da kakanni suka sani da kwalekwale sai suka yi shekaru a bushe, har yaran zamani suka ɗauka tudu ne. A ɗaya ɓangaren kuma, sakin ruwa daga madatsu rani da damina ya ba ciyawar kacalla damar yaɗuwa, ita da laka suka toshe tsofaffin hanyoyin kogi, ruwa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru, ya cinye gonakin da a da ba ya taɓawa. Watau ruwan yankin ya bar tsarin da aka saba da shi, inda ya bushe bana ba shi ne tabbacin zai bushe baɗi ba. Ambaliyar 2012 ta faɗakar, ta 2022 kuwa ta shiga unguwannin Gashuwa da ƙauyukan Bade da Jakusko da Karasuwa, ta rushe gidaje, ta raba iyalai da muhallinsu. Dillali yana nuna fili da bazara, ƙasa ta bushe ta tsage, ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Ranar da ruwa ya dawo neman kwarinsa, mai gida ne kaɗai zai tsaya da katifa a ka.

Mazauna Kudu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan haka. Dattawan Sabo ba su manta da ranar 31 ga Agusta, 1980 ba, sa'ad da kogin Ogunpa ya tumbatsa ya ratsa Badun, ya tafi da rayuka da dukiya masu yawa, galibi na waɗanda aka bari suka yi gini a bakinsa. Mazauna Ikko kuma sun tuna Maroko, inda talakawa suka zauna shekaru a ƙasa mai dausayi, sai a watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ce wurin bai dace da zaman ɗan Adam ba, ta sa katafila ta baje shi, daga baya aka yi ciko, masu kuɗi suka gaje filin. Talaka ne ke biya sau biyu a irin wannan harka, ran saye da ran rushewa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Masu son a yanka fadama suna da hujja guda da suke ta nanatawa. Wai kiyaye dausayi tsegumin Turawa ne masu ƙaunar tsuntsaye, kuma ba za a hana ɗan ƙasa muhalli saboda agwagwar ruwa ba. Gaskiya ne tsuntsaye na tasowa daga Turai su yi hunturu a tafkin Dagona, har mijin Sarauniyar Ingila ya kai ziyara can a 1989. Gaskiya ne kuma a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma, hekta 58,100, cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke karewa, shi ne na farko a Nijeriya. Amma tsuntsu yana da fiffike, in tafki ya ƙafe sai ya ƙara gaba. Masuncin Bade da manomin Karasuwa da Bafulatanin da ke gangarowa da rani su ne ba su da inda za su nufa, sai dai su hau motar itace su zo Kurmi su ƙara yawan masu turin baro. Wanda ya fake da tsuntsu yana zagin masu kare fadama, so yake a manta da mutanen da ke cikinta.

Tudu ma ba a sake shi ga kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Arewa da wannan yanki, a ƙasar Machina da Yusufari, tulin rairayi yana tafiya yana binne gonaki da rijiyoyi. Unguwar da aka fara ta da sare gawo da aduwa da goruba da kuka, aka bar ƙasa tsirara, ta buɗe wa hamada ƙofa da hannunta. Haka kuma bai kamata a maimaita kuskuren gidajen Shagari ba. Shirin da Gwamnatin Tarayya ta fara a 1980 na gina gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara niyyarsa kyakkyawa ce, amma a wurare da dama an kai gidajen can bayan gari, babu ruwa babu hanya babu kasuwa, suka yi shekaru jemagu da awaki ne masu haya.

Doka kuwa tana nan, aiki da ita ne ya yi ƙaranci. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora amanar ƙasar kowace jiha a wuyan Gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a karkara. Amana aka ce, ba gado ba. Sai dai wannan doka tana biyan diyyar shuka da gini ne kawai, saboda haka masunci da makiyayi, waɗanda ba su da takarda ba su da katanga, ko anini ba sa samu in an ƙwace fadama. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta a yi binciken illa ga muhalli kafin a gina unguwar da ta kai hekta 50. Mai wayo sai ya yanka ƙasa gutsure-gutsure, kowane yanki bai kai hamsin ba, ya wuce ta ƙarƙashin doka yana dariya.

Abin da ya wajaba a kan hukuma a bayyane yake. Na farko, a sa safiyo ya bi iyakar inda ruwan 2022 ya kai a Nguru da Jajimaji da Gashuwa, tare da dagatai da sarakunan ruwa da ardo-ardo, a kafa alamu, a liƙa taswirar a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, kuma kada a sake ba da takardar gini a cikin wannan iyaka ko ga wane ne. Na biyu, sababbin unguwanni su kasance a tudu, manne da gari, a haɗe wuri guda, a fara da rijiyar burtsatse da lambatu da hanya kafin a aza bulo. Na uku, a bar burtali da mashaya yadda suke, a kewaye kowace unguwa da shingen itatuwa, a hana cike kududdufan da ke ɗauke wa gari ruwan sama. Na huɗu, a riƙa karanta sunayen waɗanda aka ba filaye a bainar jama'a, domin a san ko talaka ne ya samu ko 'yan lelen ofis.

Su kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, mafi yawan kuɗin da ke motsa wannan kasuwa daga aljihunsu yake fitowa, don haka linzami yana hannunsu. Kada wanda ya aika da kuɗin fili sai amintaccensa ya taka wurin cikin watan Satumba, ya tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a 2022, ya kuma ga takardar hukuma da idonsa. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan asalin Yobe a Ikko da Badun da Fatakwal su rubuta wa shugabannin ƙananan hukumomin Nguru da Karasuwa da Bade da wakilansu a majalisa, su nemi a fito da taswira. Ran da fuloti a fadama ya rasa mai saye, ran nan dillali zai daina yanka shi. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya tsare gumin talaka daga ruwa da rairayi.