Da Wane Mudu Za Mu Auna Tsuntsayen Gidan Namun Daji?

Duk malamin da ya taɓa kwasar ɗalibai daga Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun ya kai su ziyarar gani da ido, ya san gardamar da kan kaure a cikin mota a hanyar komowa gida. Wannan ya ce gidan namun daji na Kano ya fi, wancan ya ce ai yayansa ya shaida masa na Jos ya fi tara tsuntsaye. Gardama ce mai amfani, domin kwatanta abu da abu shi ne matakin farko na kimiyya. Abin da ya kamata mu gyara shi ne mudun da ake yin awon da shi. A ra'ayina, gidan da ya fi daraja shi ne wanda ya fi kula da tsuntsayen ƙasarmu da ke neman ƙarewa, ko da kuwa kejinsa goma ne kacal.

Bari mu fara da mudun yawa, tun da shi aka saba da shi. Gidan namun daji na Jami'ar Ibadan ya samo asali tun 1948, kuma don koyar da ɗalibai aka kafa shi. Na Kano kuwa an buɗe shi a 1972, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Amma idan ƙidaya ce abin dubawa, to, duk gidajenmu ba su kama ƙafar na ƙasashen waje ba. A garin Walsrode na ƙasar Jamus akwai gandun tsuntsaye zalla mai ɗauke da tsuntsaye kimanin 4,000. A Singafo ma, gandun Jurong, wanda aka buɗe a 1971, ya tara iri wajen 400 kafin a rufe shi a 2023 a kwashe tsuntsayen zuwa sabon wuri. Wannan tsere ne na masu kuɗi, kuma ko mun shiga ba za mu ci ba. Bugu da ƙari, abin da aka tara a keji yana iya salwanta cikin dare ɗaya. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 ta halaka mafi yawan dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi.

Labarai biyu daga Amurka za su nuna mana mudun da ya fi dacewa. Akwai wata irin hasbiya da a da takan yi garke har ta rufe hasken rana saboda yawa. Mafarauta suka yi ta karkashe ta ba ƙaƙƙautawa, har ya zamana saura guda ɗaya tak a duniya, wadda ta mutu a gidan namun daji na birnin Sinsinati ran 1 ga Satumba, 1914. An ajiye ta, an ciyar da ita, jama'a sun yi kallonta, amma irinta ya ƙare. Sai kuma wata ƙatuwar ungulu ta jihar Kalifoniya da ake kira kondo. A 1987 guda 27 kaɗai suka rage. Masana suka kame su duka, aka raine su a gidajen namun daji na San Diyego da Los Anjalas, suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe, daga 1992 kuma aka fara sakin 'ya'yansu cikin daji. Yanzu yawansu ya haura 500. Duka biyun a keji aka sa su, amma ɗaya kallo kurum aka yi, ɗayar kuwa ceto ta aka yi.

Saboda haka idan ɗalibi ya shiga gidan namun daji, ga tambayoyin da ya kamata ya riƙe. Da farko, tsuntsayen nan na ina ne? Ɗawisu, duk da kyawunsa, asalinsa ƙasar Indiya ne, ba ya kuma cikin haɗarin ƙarewa. Na biyu, suna hayayyafa a wurin, ko kuwa in ɗaya ya mutu sai a sake kamo wani daga daji? Gidan da ke cike kejinsa ta hanyar saye daga hannun mafarauta yana taimaka wa ɓarna ne. Na uku, akwai allo a jikin keji mai bayyana sunan tsuntsu da Hausa, da abincinsa, da wurin zamansa? Na huɗu, yana da sararin buɗe fukafukansa ya tashi, da inuwa, da ruwa mai tsabta?

Tsuntsaye biyu za su isa mu gwada kowane gida a Arewa. Na farko gauraka, mai tukku kamar zinariya, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya. Dattawa sun san lokacin da ake jin kukansa a fadamu, amma yau da wuya a gan shi a dajin ƙasar nan. Kama shi da ake yi don sayarwa ga masu ƙawata gidajensu, da kuma bushewar fadamun da yake sheƙa a cikin ciyawarsu, su suka kai shi ga wannan hali. Na biyu ungulu, wadda a da ba a raba ta da mahauta da kasuwannin ƙauye. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta ga masu tsibbu. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, don haka in an kashe uwa, cike gurbinta na ɗaukar lokaci. Ita ce kuma ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Gidan da ya iya sa gauraka ya ƙyanƙyashe, ya kuma fahimtar da baƙi amfanin ungulu, ya fi mai ɗawisu ɗari.

Wani zai ce ai da kuɗin shiga ake ciyar da dabbobi, kuma ba wanda zai biya don ya kalli ungulu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ba laifi ba ne a ajiye jimina da ɗawisu su jawo jama'a, laifin shi ne a tsaya a nan. Yaron da ɗawisu ya jawo, sai a bi da shi ta gaban kejin gauraka ya karanta labarinsa kafin ya fita.

Yanzu mu dawo gida. Mutanen Mafara, Bakura da Maradun ba su da gidan namun daji, amma suna da abin da ya fi shi. Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900, kuma yankin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, yana da rabonsa. Balbela na bin shanu tana cin fara, kirinjijiya na sauka kan ruwa, zalɓe na tsaye yana dakon kifi. Shamuwa kan iso da farkon damina ta yi sheƙa a cikin gari, idan kaka ta yi ta nufi kudancin Afirka. Jan-baki kuwa, manoman shinkafa sun san ɓarnarsa sarai. Madatsar ta tara ruwa a sama, ta kuma rage ambaliyar da ke jiƙa fadamun da ke ƙasa da ita, kuma irin wannan canji yakan shafi tsuntsaye. Hanyar gane yadda ya shafe su ita ce ƙidaya a kai a kai, shekara da shekaru.

Wannan aiki ne da ɗaliban sakandare za su iya. Sanin kowa ne rashin tsaro ya hana shiga daji a yankinmu, don haka kada kowa ya yi kasada. Harabar makaranta, bishiyoyin unguwa da mahautar gari sun wadatar. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta tanadi littafi guda, a riƙa rubuta sunan tsuntsu, yawansa, rana da wuri. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa kowace shekara. A tambayi kakanni yaushe rabonsu da ganin gauraka, a rubuta amsarsu. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos tana gudanar da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya tun 2015, kuma da bayanan 'yan sa kai shirin ya dogara.

Ɗalibin da ya yi shekara guda yana wannan rubutu, in ya je Kano ko Jos, ba zai tsaya ƙirga keji ba. Zai nemi ma'aikacin wurin ya tambaye shi daga ina aka samo gaurakan nan, kuma yaushe rabon da ya yi ƙwai. Idan masu irin wannan tambaya suka yawaita, dole masu kula da gidajen su tanadi amsa. Malamai, ku za ku fara ɗora su a kan hanya. Allah Ya sa mu dace.