Tayar moto a Agadas: araha ko ƙarko?

Tun daga 2014, lokacin da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, moto ta ƙara yawa a Agadas. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin: kayan da suka saba bin Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi nisa, kuɗin dako ya hau, taya ma ba a bar ta a baya ba.

Shi ya sa ɗan kabu-kabu ke ruga wa mai araha. Amma mu yi lissafi irin na kasuwa. A misali, tayar jika 8 da ta yi wata 4 ta ci jika 2 kowane wata; ta jika 12 da ta kai wata 8, jika 1 da rabi. Ashe mai tsadar ce mai sauƙi, tun ba a sa kuɗin faci da yinin da aka rasa ba.

Zafin kwalta, duwatsun Ayar, ƙarancin iska da lodin da ya wuce kima su ne ke cinye roba. A duba lambobi 4 na gefen taya: 2 na farko mako ne, na ƙarshe shekarar ƙira. Wadda ta daɗe a ajiye ta bushe.

Hajiya mai albasa, wannan ya shafe ki: in taya ta fashe a hanya, buhunki ne a ƙasa. Araha dai ba ta ado.