Gobarar da ta Tashi daga "Ƙofar Jahannama"

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ɗan'uwa mai karatu, a bakin teku, a kudancin unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka, akwai wani dandalin wasanni mai suna Coney Island. A 1884 aka kafa masa jirgin wasa na farko mai hawa da gangarowa bisa dogo. Daga nan manyan filaye uku suka biyo baya: Steeplechase a 1897, Luna Park a 1903, sai Dreamland, wato Ƙasar Mafarki, a 1904. Dukkansu sun shuɗe, amma katafaren lilon nan Wonder Wheel na 1920 da jirgin katako Cyclone na 1927 suna nan suna ɗaukar mutane.

Dreamland ce ta tsaya mini a rai. A cikinta akwai wani wasa da suka raɗa wa suna Ƙofar Jahannama. An girke ƙaton gunkin Shaiɗan a bisa mashigarsa, mutum ya biya kuɗi ya hau kwalekwale, ruwa ya ja shi cikin duhu, ya yi kururuwa, ya fito yana dariya. A daren 27 ga Mayu, 1911, ana shirin buɗe filin da safe, ma'aikata suna liƙe wata ɓaraka da kwalta mai zafi a wannan wasa, sai wuta ta kama. Kafin gari ya waye Ƙasar Mafarki ta zama toka, ba a kuma sake gina ta ba.

Ba na cewa azaba ce ta sauka musu, domin ilmin gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Ba kuma na haramta wasa. Ya tabbata cewa Nana A'isha (RA) ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, Manzon Allah (SAW) yana kāre ta. Wanda ya kai iyalinsa lilo ranar Sallah, bai tozarta salla ba, bai keta haddin kunya ba, babu laifi a kansa.

Abin lura shi ne ɗabi'ar zuciya. Ɗan Adam yana son a tsorata shi, muddin ya sakankance akwai ƙofar fita a ƙarshe. Irin wannan tsoro daɗi ake ji da shi, ba ya hana kowa komai. Ina fargabar haka muka soma yi wa wa'azi. Mu nemi malamin da ya fi iya siffanta azabar kabari, tsikar jikinmu ta tashi, mu aika wa abokai, sannan asuba ta wuce muna barci, bashin da muka danne yana nan, giba kuwa ba mu fasa ba. Me ya raba mu da mai hawa kwalekwalen nan?

Malamai sun ce tsoron Allah na gaskiya shi ne wanda ya shiga tsakanin bawa da saɓo. Don haka duk lokacin da wa'azi ya girgiza ka, kafin ka tashi daga wurin ka ƙudurce abu guda da za ka bari, ko haƙƙi guda da za ka mayar wa mai shi a ranar.

Allah Ya tsare mu daga wuta, Ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alam.