Ruwan Famfo A Kudancin Kaduna: Babban Bututu Na Hukuma Ne, Ƙaramin Fa?

Duk wanda ya ratsa lungunan Kakuri da Makera da Nasarawa a ranar da aka sako ruwan famfo, ba ya bukatar a gaya masa cewa an sako. Tun kafin ya hango mata da yara ɗauke da bokitai, zai ga ƙasa ta jiƙe a wuraren da ba a yi ruwan sama ba, zai kuma ga siraran bututun roba kwance cikin kwata, wasu an ɗaure su da tsinken robar taya, ruwa yana tsartuwa ta gefen ɗaurin. Waɗannan bututu su ne ke ɗauko ruwa daga babban bututun hukuma da ke bakin titi su kai shi cikin gidaje, kuma a kansu ne aka fi yin shiru duk lokacin da ake maganar matsalar ruwa a wannan gari.

Gwamnatin Gwamna Uba Sani, wadda ta kama aiki a shekarar 2023, ta kafa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin ruwan sha, ta kuma ɗauki alkawarin farfaɗo da matatun ruwa da gyara manyan bututun da suka lalace, ciki har da waɗanda aka taɓa a lokacin aikin sabunta titunan birni da aka ƙaddamar a 2019. Wannan aiki ne da ya wajaba, babu mai jayayya. To, amma ruwan da aka tace a matata, aka kashe kuɗin jama'a wajen sayen magungunansa da biyan wutar da ke tura shi, ba ya zama ruwan sha sai ya fito ta kan famfon gida da tsabtarsa. Tsakanin titi da randa kuwa babu injiniya. Mai gyaran famfo ne kaɗai a wurin, da 'yar jakarsa ta kayan aiki, kuma sau da yawa babu wanda ya taɓa jarraba iliminsa ko ya duba aikin da ya yi.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa kudancin Kogin Kaduna ba baƙo ba ne ga aikin bututu. A nan ne tsohuwar matatar ruwa ta Kaduna ta Kudu take tun zamanin Turawa, wadda aka tsara ta ba da lita miliyan 27 a rana, kafin a gina manyan matatun Malali a arewacin kogi masu lita miliyan 240 idan an haɗa su biyun. A nan ne kuma aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu masaƙu irin su United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960, aka kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, sa'an nan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Masaƙa ba ta tafiya sai da ruwa da tururi, domin wanki da rini da busar da yadi duk da su ake yi. Saboda haka kowace masaƙa tana da sashen gyara, inda ake da ƙwararrun masu haɗa bututu waɗanda suka san cewa mahaɗa ɗaya da aka yi wa ha'inci tana iya ƙona mutum ko ta tsayar da aikin yini guda. Yaron da ya koyi aiki a ƙarƙashin irin waɗannan mutane yakan fito da horo, ba da iya riƙe sifana kaɗai ba. Da masaƙun suka fara rufewa, Kaduna Textiles a 2002, sauran kuma a 'yan shekarun da suka biyo, an yi ta lissafin dubban ma'aikatan da suka rasa abinci, amma ba a cika lissafa wannan makaranta da ta rufe tare da su ba.

A daidai wannan lokaci ne kuma gari ya buɗe ta kudu. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 jama'a da yawa sun sauya matsuguni, unguwanni irin su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora suka cika suka batse, gine-gine suka yi wa bututun hukuma nisa. Watau aikin famfo ya ƙaru ninki-ba-ninki a daidai lokacin da masu koyar da shi bisa ƙa'ida suka ragu.

Kayan aikin ma sun canja. A da bututun ƙarfe ake amfani da shi, mai rabin inci ko kashi uku cikin huɗu na inci, kuma aikinsa yana da wuya. Sai an damƙe shi a kan benci, a yanka da zarto, a fitar masa da haƙora a baki, a naɗa zare, a ɗaure da babbar sifana. Wanda bai koya ba, ba zai ma fara ba, kuma kayan aikin suna da tsadar da ba kowa ke iya mallakarsu ba. Aibin bututun ƙarfe shi ne tsatsa, wadda takan cika cikinsa a hankali har ruwa ya koma ɗigo. Tsofaffin gidajen Barnawa da Kakuri da yawa suna fama da wannan. Da bututun roba na PVC ya shigo, sai aiki ya yi sauƙi: zarto da gwangwanin gam sun isa. Sauƙin nan alheri ne ga talaka mai gini, amma shi ne kuma ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya yi wata uku yana riƙe wa maigidansa jaka ya ce shi ma ya zama mai gyaran famfo.

Kurakuran da ake yi sanannu ne ga duk wanda ya san sana'ar. Akwai bututun roba mai kauri da aka yi domin ruwa mai ƙarfi, akwai kuma marar kauri da aka yi domin ruwan wanka da na wanke-wanke, wanda gangarawa kawai yake yi. Na biyun ya fi araha, saboda haka ake binne shi a inda na farkon ya kamata, ya yi 'yan watanni ya tsage. Akwai masu ƙin sayen mahaɗa, sai su gasa bakin bututu a wuta har ya yi laushi, su cusa wani a ciki. Wurin da aka gasa ya riga ya yi rauni, nan ne kuma zai fara yoyo. Akwai masu shafa gam ba su goge ƙura ba, su kuma buɗe ruwa gam bai bushe ba. Bututun PPR da ake yayi a sababbin gine-gine ya fi ƙarko, amma shi narka bakinsa ake yi da wani ɗan inji mai zafin da ya kai digiri 260, kuma idan aka bar shi ya daɗe a kan injin, robar takan narke ta toshe rabin hanyar ruwa daga ciki, inda ido ba ya gani. Injin kuwa sai da wutar lantarki, wanda ke nufin sai an yi hayar janareta a mafi yawan wuraren gini. Mafi muni duka shi ne rufe bututu da siminti da tayil ba tare da an cika shi da ruwa an gwada ƙarfinsa ba. Famfon gwaji na hannu ƙaramin abu ne, amma kaɗan ne daga masu gyara suke da shi, kuma kaɗan ne daga masu gida suka san su tambaya. Bayan shekara guda bango ya fara gumi, fenti ya kumbura, sai a kira birkila ya fasa abin da aka kashe kuɗi aka gina.

Ba daidai ba ne a ɗora wa mai gyara laifin duka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yuni, farashin kayan famfo ya yi tashin gwauron zabo, domin yawancin kan famfo da bawul daga waje ake shigo da su. Mai gida yakan je kasuwa da kansa ya zaɓo mafi araha, kan famfo mai walƙiya kamar tagulla alhali kuwa gauraye ne da ba ya jure murɗawa, ya miƙa wa mai gyara ya ce ya ɗaura. In ya lalace, sunan mai gyara ne ya ɓaci. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON tana da hurumi a nan, kuma shagunan kayan gini ba ɓoyayyu ba ne.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Kan famfon da ke ɗigo sau ɗaya a kowane sakan yana zubar da kimanin lita 30 a yini, watau fiye da jarka guda mai lita 25 irin wadda 'yan garuwa ke turowa a kura, kuma a shekara ya haura lita 10,000. Abin da zai tsayar da wannan ɗigo, sau da yawa, 'yar roba ce da ba ta kai girman kwabo ba. Tankin sama da babu abin da ke rufe shi in ya cika, yakan yi ta ambaliya har sai wani ya tuna ya kashe inji, a unguwar da maƙwabta ke sayen ruwa.

Amma asarar ruwa ba ta kai haɗarin lafiya ba, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ya fi tayar wa hukuma da hankali. Muddin bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, ɓular da ke jikinsa waje take fitar da ruwa. Da zarar an ɗauke ruwa, ƙarfin ya faɗi, sai ɓular ta koma tsotso, ta jawo duk abin da ke kewaye da ita. In bututun a cikin kwata yake kwance, ruwan kwata ne zai shiga, kuma shi ne zai fara fitowa a famfo ran da aka sake sakowa. Masu ɗaura injin jawo ruwa kai tsaye a kan bututun hukuma suna ƙara tsananta wannan, domin suna rage ƙarfin ruwan layin gaba ɗaya, su cika tankinsu, su bar na ƙasa da su da iska da ƙazanta. A shekarar 2021 cutar kwalara, watau amai da gudawa, ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Gurɓataccen ruwa shi ne babbar hanyarta.

Masu rijiya da rijiyar burtsatse ma ba su tsira ba. Masana lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da sokawe ko masai. Filin da aka saba yankawa a unguwanninmu ƙafa 50 ne a kan ƙafa 100, watau kimanin mita 15 a kan mita 30, kuma a cikinsa ake son a sa ɗakuna da rijiya da sokawe, maƙwabci ma ya sa nasa a jikin katanga. Wanda ke yanke shawarar inda za a haƙa ramin, galibi, mai gida ne da mai gyaran famfo suna tsaye a fili, kuma abin da suke dubawa shi ne inda bututu zai fi gajarta.

Abin mamaki shi ne, Kaduna ba ta rasa cibiyoyin da za su magance wannan ba. Hedkwatar Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, a garin nan take, kuma tana da tsarin ba da takardar shaidar ƙwarewa ga masu sana'ar hannu, har da wanda a shago ya koya bai taɓa shiga aji ba. Sashen Kwalejin Fasaha ta Kaduna da ke koyar da gini da zanen gidaje yana Barnawa, tafiyar 'yan mintuna daga Kakuri. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta daɗe tana yin jarrabawar sana'a mai matakai uku. Gwamnatin jiha ta gina cibiyoyin koyon sana'a a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf, waɗanda aka buɗe a 2025, tana kuma gyara kasuwar Panteka domin masu sana'ar hannu. Sai dai takardar shaida ba ta da amfani ga mai ita matuƙar babu wanda ke tambayarta. Mai gyaran da ya bar aikin mako biyu ya je aka jarraba shi, zai dawo ya tarar wanda bai je ba ya karɓe masa aikin da rabin kuɗi.

Nan ne hukumomi biyu suke da abin yi wanda ba ya bukatar bashi daga waje. Hukumar Ruwa ta Jiha, KADSWAC, ita ke da babban bututu, saboda haka tana da ikon cewa babu mai huda shi sai wanda sunansa ke cikin rajistarta, kuma ba za a jona gida ba sai an ga bututun a binne cikin ƙasa, nesa da kwata, da bawul a bakin ƙofa. Hukumar tsara birane ta KASUPDA, wadda ke ba da izinin gini, tana iya neman a nuna mata a kan takarda inda rijiya take da inda sokawe yake, ta kuma aiko a duba kafin a rufe rami. Ba sabon abu ba ne: tsofaffi suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ma'aikacin tsabta ke shiga gida ya leƙa randa da masai.

Sharaɗi ɗaya ne, kada rajistar ta zama wata sabuwar hanyar karɓar haraji daga mutumin da ke neman na abinci. In za a yi, a kai jarrabawar Kakuri da Sabon Tasha a ranar da ba ta aiki ba, cikin harshen da mai sana'a ke ji, a gwada shi da bututu a hannu maimakon alƙalami. Wanda ya ci, a ba shi rancen kayan aiki ta hannun ƙungiyarsu, musamman famfon gwaji da injin haɗa bututu, a kuma manna sunayen waɗanda suka ci a ofishin hukumar ruwa na kowace shiyya, inda mai gida zai gani idan ya zo biyan kuɗin wata. Tsofaffin ma'aikatan sashen gyara na masaƙu, waɗanda wasunsu har yanzu suna zaune a Kakuri da Makera, su ne suka fi cancanta a fara nema su zama masu jarrabawar, tun ƙarfinsu bai ƙare ba.