Ƙwallon kwando: Koci Hurley ya ƙi miliyan 70, wauta ce ko hangen nesa?

Jama'a masu karatu, musamman ƴan uwanmu ƴan kasuwa, yau za mu ɗan bar maganar farashin gero da canjin naira da sefa, mu leƙa ƙasar Amurka, inda aka yi wani ciniki da bai faɗa ba, wanda har gobe masu sha'awar ƙwallon kwando ba su daina gardama a kansa ba. Mun taɓa tattauna shi a shirinmu na wasanni a gidan rediyo, kuma mafi yawan waɗanda suka bugo waya cewa suka yi mutumin ya yi wauta. Mu ba mu yarda da haka ba, za mu kuma faɗi dalilanmu.

Ga yadda abin ya faru. Akwai wani mai horar da ƴan wasa da ake kira Dan Hurley, wanda ya karɓi ƙungiyar jami'ar jihar Konetikat, wadda aka fi sani da UConn, a shekarar 2018. Ya ci kofin jami'o'in Amurka a shekarar 2023, ya sake cin sa a 2024. Rabon da wata jami'a ta ci kofin nan sau biyu a jere tun jami'ar Filorida a 2006 da 2007. Gasar kuwa ta sili-ɗaya-ƙwale ce, an ka da kai sau ɗaya ka koma gida, amma duk wasanni 12 da yaransa suka buga a shekarun nan biyu babu wanda suka ci da ratar da ta gaza maki 13. A cikin yaran na 2023 har da Adama Sanogo, ɗan Bamako ta ƙasar Mali, wanda ya buga gasar da azumin Ramadana a bakinsa, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe.

To, a watan Yuni na 2024 sai ƙungiyar Lakers ta birnin Los Anjalis, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin gasar ƙwararru ta NBA, ta yi masa tayin kwantaragin shekara 6 a kan dala miliyan 70. Idan mun ce dala, ta Amurka muke nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. A canjin wancan lokaci kuɗin sun haura milyar 40 na sefa. Ya hau jirgi ya je ya gana da su, ya dawo gida ya kwana da abin, ranar 10 ga watan Yuni ya ce ya gode, yana nan inda yake. Wata ɗaya bayan haka jami'arsa ta sabunta masa kwantaragi, shekara 6 a kan dala miliyan 50. Wato ya bar miliyan 20 ke nan a kan faifai.

Wanda ya ji wannan lissafi kawai dole ya ce an yi asara. Amma duk ɗan kasuwar da ya daɗe a harka ya san cewa akwai bambanci tsakanin mai ƙaramin shago nasa na kansa da wanda aka ɗauka ya tsare wa wani babban kanti. Na biyun ya fi riƙe kuɗi, amma makullin ba a aljihunsa yake kwana ba.

A jami'a, koci shi ne wuƙa shi ne nama. Shi yake yawo gari-gari yana neman yara masu shekara 17 ko 18, ya zauna da iyayensu, ya zaɓi wanda yake so. In yaro ya yi kasala ya ajiye shi a benci, ba mai ce masa don me. Ɗan wasa yana zuwa ya yi shekara ɗaya zuwa huɗu ko biyar ya wuce, kocin yana nan, har sunansa ya zama shi ne sunan ƙungiyar. A NBA kuwa abin ya juye. Ba koci ke zaɓen ƴan wasa ba, akwai manaja a kansa, akwai mai ƙungiya a kan manaja. Sababbin ƴan wasa rabon su ake yi bi da bi, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke fara zaɓe, kuma su ma sai an jefa ƙuri'a. Akwai kuma dokar da ta ƙayyade yawan albashin da ƙungiya za ta iya biya. Sannan ga babbar magana: LeBron James, tauraron Lakers, ya karɓi sama da dala miliyan 48 a kakar 2024 zuwa 2025, alhali abin da Hurley zai samu a shekara bai cika miliyan 12 ba. In saɓani ya shiga tsakanin mai miliyan 48 da mai miliyan 12, mai karatu ya san wanda za a nuna wa ƙofa. Hurley kuwa mutum ne mai zafi, mai tsawa a bakin fili, kowa ya san shi da haka. Tsawar da yaro ɗan shekara 19 zai shanye, magidanci ɗan shekara 39 da ya ci kofin NBA sau huɗu ba zai shanye ta wasa 82 a shekara ba.

Kuma ita kanta Lakers sai a duba halinta. Daga tafiyar Phil Jackson a 2011 zuwa lokacin da ta nemi Hurley ta yi koci shida, ban da na riƙon ƙwarya, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya wuce shekara uku. Frank Vogel ya ci mata kofi a 2020, ta sallame shi a 2022. Darvin Ham ya kai ta wasan ƙarshe na yankin yamma a 2023, ta sallame shi a 2024. Kujerar da aka kira Hurley ya hau ke nan.

Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah. Rick Pitino ya ci kofi da jami'ar Kentaki a 1996, ya koma wasan ƙarshe a 1997, a shekarar ya tafi ƙungiyar Celtics ta Boston. Shi ba a ma rage masa iko ba, an ba shi koci an haɗa masa da shugabancin ƙungiya. Ya je da sa ran ƙuri'a za ta ba shi Tim Duncan, tunda Celtics tana cikin ƙungiyoyin da suka fi lalacewa a shekarar, sai ƙuri'ar ta faɗa wa San Antonio. A jami'a da sai ya je gidan su yaron ya lallashe shi, a nan kuwa babu wannan hanya. Ya ɗauki Chauncey Billups a zaɓe na uku, bai cika kaka ɗaya ba ya yi musayarsa saboda gajen haƙuri, yaron nan kuwa shi ne ya zama gwarzon wasan ƙarshe na NBA a 2004 da ƙungiyar Pistons. Pitino ya ajiye aiki a watan Janairu na 2001, ya ci wasa 102 an ci shi 146. John Calipari ya bar jami'ar Masacusets a 1996 ya tafi Nets, aka kore shi a 1999 bayan ya ci wasa 3 kacal cikin 20 na farkon kaka. Na baya-bayan nan wanda ya fi ba mu tausayi shi ne John Beilein, dattijo mai shekara 66 a 2019, wanda ya kai jami'ar Mishigan wasan ƙarshe sau biyu. Ya sa hannu a kwantaragin shekara 5 da Cavaliers a 2019, bai cika kaka ɗaya ba ya tafi, a watan Fabrairu na 2020, da nasara 14 da shan kashi 40. Duk tarihin wasan nan mutum ɗaya ne ya taɓa cin kofin jami'o'i da na NBA yana koci, shi ne Larry Brown, da Kansas a 1988 da Pistons a 2004.

Sai dai ba za mu ɓoye hujjar masu cewa ya kamata ya tafi ba, don ba ƙarama ba ce. Sun ce ai kwantaragin NBA ko an kore ka sai an biya ka. Gaskiya ne. A cikin wannan watan na Yuni 2024 Pistons ta kori Monty Williams bayan shekara ɗaya, tana kuma da sauran kimanin dala miliyan 65 da za ta biya shi yana zaune a gida. Sun kuma ce wanda ya faɗi a NBA ƙofar jami'a ba ta rufe masa. Wannan ma gaskiya ne, Calipari ya koma jami'a har ya ci kofi da Kentaki a 2012, Pitino ma ya koma ya ci gaba da sana'arsa. Idan kuɗi ne kaɗai ma'auni, to babu gardama, tafiya ta fi zama.

Kuma akwai waɗanda suka tafi ta yi musu kyau. Brad Stevens ya bar ƙaramar jami'ar Butler a 2013 yana da shekara 36, ya karɓi Celtics. Amma a duba yadda ya tafi. Ƙungiyar ta riga ta rabu da tsofaffin taurarinta, tana son ginawa daga tushe da yara, ta kuma ba shi shekara 6. Kakarsa ta farko ya ci 25 an ci shi 57, ba wanda ya taɓa shi. Ya yi shekara 8 yana koci, a 2021 aka ɗaga shi ya zama shugaban harkokin wasa, kuma ƙungiyar da ya haɗa ita ta ci kofin NBA a 2024, mako ɗaya bayan Hurley ya ƙi tayin Lakers. Billy Donovan shi ma darasi ne. Bayan kofinsa na biyu da Filorida a 2007 ya sa hannu da Orlando Magic, cikin ƴan kwanaki ya ce ya fasa, ya koma jami'arsa. Sai a 2015 ya tafi Thunder, inda ya tarar da ƙungiya tsayayya, ya kai ta wasan ƙarshe na yankin yamma a kakarsa ta farko.

Abin da muka fahimta daga waɗannan mutane biyu shi ne ba tafiyar ce matsala ba, gidan da za ka da lokacin da za ka su ne abin dubawa. Stevens ya shiga gidan da ke da haƙurin jira. Donovan ya jira shekara 8 har ya ga nasa ya yi. Lakers ta 2024 kuwa tana da tauraro mai shekara 39 wanda ba shi da lokacin jiran wani ya koyi aiki, da magoya baya da ba su san komai ba sai kofi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba kuma Hurley ne farkon wanda ya ce wa Lakers a'a ba. A 2004 ta nemi Mike Krzyzewski na jami'ar Duke, shi ma ya ƙi. Bayan nan ya ƙara kofi biyu, a 2010 da 2015, ya horar da ƙungiyar ƙasar Amurka ta ci zinariyar Olamfik sau uku, a 2008 da 2012 da 2016, da ƴan wasan NBA ɗin nan dai, ya yi ritaya a 2022 bayan shekara 42 a wuri ɗaya. A gidan su Hurley ma zama wuri ɗaya gado ne. Mahaifinsa, Bob Hurley, ya shekara 45 yana horar da yaran wata ƙaramar makarantar sakandare a jihar Niyu Jazi, daga 1972 har aka rufe makarantar a 2017.

To amma akwai wani abu da ya sa ba za mu ce wa kowane koci ya yi koyi da Hurley ido rufe ba. Ita kanta jami'ar ta zama kasuwa. Tun 2021 an ba ɗaliban dama su karɓi kuɗin talla da sunansu, an kuma sassauta dokar canza makaranta, har ya zama yaro yana iya tashi duk shekara ya bi wanda ya fi tsoka. A watan Yuni na 2025 wata alƙaliya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan ƴan wasansu kai tsaye, kimanin dala miliyan 20 da rabi ga kowace makaranta a shekarar farko. Mu muna ganin wannan adalci ne ga yaran, don shekara da shekaru guminsu ake sayarwa wasu na cin riba. Amma ikon nan na koci da muka yi ta magana a kansa ya ragu ƙwarai. Yaron da ka tsawata wa yau, gobe yana wata makaranta. Tony Bennett, wanda ya ci kofi da jami'ar Bajiniya a 2019, ya ajiye aiki a watan Oktoba na 2024 yana da shekara 55, ya ce shi ba mutumin wannan sabon yanayi ba ne. Idan haka abin ya ci gaba, ranar na zuwa da kocin jami'a zai ga yana shan wahalar ƙwararru ba tare da albashin ƙwararru ba, a ranar kuwa mu ma za mu ce masa ya ɗauki jakarsa.

Game da Hurley dai, kakar da ta biyo baya ba ta raba gardamar ba. Huɗu daga cikin yaransa biyar na farko sun tafi NBA a 2024, kofi na uku a jere da ya zauna dominsa bai samu ba, Filorida ta fitar da shi a zagaye na biyu a watan Maris na 2025 da ci 77 da 75. Lakers kuwa ta ɗauki JJ Redick, wanda bai taɓa horar da babbar ƙungiya ba, sai ga shi a watan Fabrairu na 2025 ta samu Luka Doncic, matashin tauraro wanda babu wanda ya yi mafarkin za a sake shi. Masu bugo mana waya sun ce da Hurley ya san da wannan da ya tafi. Wataƙila. Amma a ranar 10 ga Yuni 2024 ba wanda ya san da shi, kuma da Doncic ɗin da LeBron duka, Minnesota ta fitar da Lakers tun a zagayen farko, ta ci wasa 4 cikin 5.