Injiniya da ƙofa uku: a duba uwar kuɗi kafin riba

Wanda ya yi shekara goma yana rubuta manhajar kwamfuta ya wuce yawon neman aiki da takardu a hammata. Aikin ne ke biyo shi. A Yamai, irin wannan injiniya yakan tarar da ƙofa uku a buɗe lokaci guda: banki ko kamfanin tarho na nan gida mai ɗauka dindindin, ƙungiyar agaji mai aikin wa'adi, da kamfanin Turai ko Amurka da zai yi wa aiki ta intanet daga ɗakinsa. Dangi kuwa tambayarsu ɗaya ce: wanne ya fi albashi?

Tambayar ba ta isa ba, kuma ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin haka. Babu Alhajin da ke ɗora kaya daga Maraɗi don an faɗa masa riba da baki. Sai ya lissafa kuɗin mota, da na duwan, da abin da zai lalace a hanya.

Mu fara da kuɗin waje, tunda su ne suka fi jan ido. Suna da hujja: a Janairun 1994 sefa ta rasa rabin darajarta dare ɗaya, wanda ake biya da kuɗin Faransa ya wayi gari albashinsa ya ninka. Amma sau da yawa kamfanin waje yana ɗaukar mutum ne a matsayin ɗan kwangila, ba a zuba masa komi a asusun CNSS, asibiti da haraji duk a wuyansa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya tsaida hada-hadar bankuna, Najeriya ta yanke wutar da ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar nan, ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. Mai aiki ta intanet ya cire kuɗin batir da farantan hasken rana daga albashin tun kafin ya yi murna. In kamfanin a Kalifoniya yake, tazarar awa 8 zuwa 9 ce, wato taron safiyarsu shi ne magaribarsa. Hannun jarin da ake yi wa alkawari kuma galibi sai an shekara huɗu yake cika, alhali Meta ta sallami mutum 11.000 a Nuwamban 2022, Google ta sallami 12.000 a Janairun 2023.

Ƙofar gida ma ba dutse ba ce. Ma'aikatan gwamnati ba su manta watannin albashin da suka biyo bashi a shekarun 1990 ba, kuma kamfanin Orange ya sayar da reshensa na Nijar a 2019. Abin da aikin dindindin ke bayarwa shi ne haƙƙi a rubuce: sanarwa kafin sallama, kuɗin sallamar, fansho, da sufeton ƙwadago da za a kai wa ƙara. Aikin wa'adi kuwa ranar ƙarewarsa tana cikin takardar tun farko. A raba albashinsa har da watannin zaman jira.

Duk wannan lissafin riba ne. Uwar kuɗin injiniya iliminsa ne, kuma ilimin wannan sana'a yana saurin tsufa. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, na'ura tana rubuta ƙananan manhajoji da kanta. Abin da ya rage wa ƙwararre shi ne sanin yadda ake tsara babban aiki, da gane inda zai karye, da jagorantar yara. Wurin da zai zaunar da shi shekara biyar yana facin tsohuwar manhaja yana cin uwar kuɗinsa ne, ko nawa ake biyansa.

Don haka kafin ya sa hannu, ya nemi ganawa da wanda zai zama shugabansa kai tsaye, ya tambaya me ya sa na bayansa ya tafi, ya ce a rubuta duk alkawarin baki. Samun tayi biyu dama ce ta ciniki, ya yi shi da mutunci. Wanda ya ƙi kuma, ya sallame shi da godiya, domin masu wannan sana'a a Yamai ba su da yawa, gobe ma a teburi ɗaya za su haɗu.